Kafin iskar gida ta iso

Shekaranjiya bayan sallar asuba ban koma gida ba. Daga ƙofar masallaci na miƙe hanyar Parkoso da carbi a hannu, kamar yadda na saba tun da Oktoba ya raba tsakiya. Cikin dare an yi yayyafi, irin wanda ba ya cika ko kwanon sha, ƙasa ta yi laushi amma ba ta yi caɓi ba. Ina kan dawowa, rana ta ɗan ɗaga, sai na hangi shirwa uku suna kewaya saman juji suna karkata wutsiya. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Shirwa ba ta zama da mu a tsakiyar damina, arewa take tafiya, sai ruwa ya fara ja da baya sannan ta dawo kudu. Duk shekara in na ga ta farko nakan san kwanakin ruwa sun zama na ƙirge, hunturu kuma ya fara ɗaure kaya.

Marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce Kumasi ba ta da kaka. A ƙasar Katsina aka haife shi, yana saurayi ya biyo kawunsa fataucin goro ya sauka a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Gana. Nan ya yi aure, nan aka haife mu, a maƙabartar Tafo kuma yake kwance. Amma har ya bar duniya da lissafin can yake ƙirga shekara: bazara, damina, kaka, hunturu. Kaka a wurinsa ita ce lokacin da ake yanke gero da dawa a ɗaure dami a cika rumbu, 'yan dambe su fito fage, a yi ta ɗaurin aure saboda kowa ya samu abin hannu. Mu kuwa a nan damina biyu muke yi. Babbar tana kamawa daga Maris zuwa Yuli, sai sama ta huta a Agusta, daidai lokacin da mutanen can ke tsakiyar marka, sannan ƙaramar ta sauko a Satumba ta raka mu har Nuwamba. Gari kore shar kusan duk shekara. Baba yakan girgiza kai ya ce, "Garin da ciyawa ba ta mutuwa, ina zai san kaka?"

Na yi shekara fiye da hamsin ina riƙe da maganar nan ban taɓa auna ta ba. Sai da muka bar gidan gado muka koma Asokore Mampong, inda na samu ɗan fili a bayan ɗaki, kuma likita ya ce hawan jinina yana son tafiyar ƙafa kullum, sannan na fara ganin abin da na yi ta wucewa a cikin trotro, motar haya ta cikin gari, ban lura ba. Yau da Baba yana raye da na durƙusa a gabansa na ce, Baba, ka yi mini aikin gafara, Kumasi tana da kakarta. Gajeruwa ce, mako biyar zuwa shida daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, kuma ba ta zuwa da ganga. A cikin shekara duka babu lokacin da ya fi ta kwanta mini a rai.

Da sassafe raɓa takan sauka da nauyi har ƙafar wando ta jiƙe in ka ratsa ciyawa. A kwari, wajen rafi, wani farin hazo mai laima yakan kwanta kamar an shimfiɗa auduga, rana na fitowa ya watse. Wannan ba irin na hunturu ba ne, ba ya shaƙe mutum, ba ya barin ƙura a kan tebur. Akwai wani tsohon rimi da nake bi ta gindinsa, wanda masu yanka filaye suka bari, ina jin don girmansa ya fi ƙarfin gatarinsu. Makon jiya ya fara zubar da ganye, na taka na ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, sautin da ba ka ji a Kumasi tun watan Maris. Nan da 'yan makonni zai tsaya tsirara ya yi fure, jemagu su riƙa kwana a kansa suna shan zaƙin furen. A bakin titi kuma aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ke ta sauke agada tuli-tuli, ta yi araha har mai ɗakina ta daina tayawa. Masu lemo sun jera shi dala-dala suna fere ɓawon da 'yar wuƙa ba ya tsinkewa. Doya tana ta shigowa daga Techiman da Ejura da Atebubu. Ran Lahadin da ta wuce muka je gaisuwar rasuwa wani ƙauye bayan Ejisu, kowace ƙofar gida an baza 'ya'yan koko a kan tabarma bisa gadon itace, tsofaffi suna juya su da tafin hannu, ƙamshin nan mai tsami-tsami ya cika gari. In ba kaka ba, me za a kira wannan? Rumbu ne kawai babu.

Ran Asabar nakan tsawaita tafiyar. In shiga mota zuwa Tech Junction, in sauka in shiga harabar jami'ar Kwame Nkrumah da ƙafa. Tun 1952 ake karatu a wurin, itatuwan da aka dasa a farkon zamanin yanzu sun haɗe kai sun yi rumfa. Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa aka taɓa yi wa Kumasi laƙabi da birnin lambu, to can zai je, don a cikin gari siminti ya cinye yawancin abin da na sani ina yaro. Nakan gangara ta wajen rafin Wiwi inda masu lambu suke. Da yawansu 'yan arewacin ƙasar nan ne, kuma suna jin Hausa. Tun duku-duku za ka tarar da su kowa da garwar ban-ruwa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna sintiri tsakanin rafi da kunyoyin latas da kabeji da albasa mai lawashi. Mutum ɗaya sai ya yi sawu ba adadi kafin rana ta yi zafi.

A wurin ɗaya daga cikinsu na koyi abin da ya gyara mini lambu. Shekarar farko na sayo kashin kaji buhu biyu daga gidan gona, ɗanye, gauraye da garin katako, na zuba a gindin kuɓewa. Cikin kwana huɗu ganye ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Da na ba shi labari sai ya ajiye garwa ya ce, "Alhaji, ai taki kamar tuwo ne, sai ya dahu. Ka tara shi gefe, ka yayyafa ruwa, ka rufe da ganyen agada, duk mako biyu ka juya. Ranar da ka tura hannu ciki ka ji babu zafi, warin ya koma na ƙasa, ranar ya zama abinci." Haka nake yi har yau. Tulin bana na haɗa shi tun Satumba, jiya na tura hannu na ji sanyi, ya yi baƙi ƙirin yana marmashewa, tana kuma ta cika shi.

Lambun nawa taku goma sha huɗu ne a tsaye, tara a kwance. Jikin katanga akwai agada uku da gwanda ɗaya da zogale. Tsakiya kunya shida. Abin da ƙaramar damina ta ba ni bana ya fi na bara: kuɓewa, alayyafo, ayoyo, gauta, barkono, da layi biyu na yakuwa. Akwai ɗoɗɗoya da na'a-na'a a cikin tsofaffin bokitai kusa da madafa, don kada mai girki ta yi nisa.

Kuɓewar nan tun ƙarshen Oktoba muke cin ta. Duk bayan kwana biyu sai an tsinka, in ka yi sakaci ta ƙosa ta zama itace. Amma akwai gindi huɗu da na ɗaura wa jan ƙyalle, su ne suka fi ƙarfi suka kuma riga haihuwa, na hana kowa taɓa su. 'Ya'yansu na bari su bushe a jikin uwa har su fara tsagewa, in ka girgiza ka ji suna kacau-kacau. Sai in ɓare, in ƙara shanya irin a inuwa, in zuba a kwalba da ɗan toka mai sanyi saboda ƙwari, in toshe. Irin nan asalinsa daga hannun Inna ya fito, ita kuma wata 'yar'uwarta ce ta kawo mata daga Bawku. Gajeruwa ce mai kauri, yauƙinta ba a magana. Ban taɓa ganin irinta a kantin sayar da iri ba, shi ya sa nake tsaronta kamar kuɗi.

Ayoyo kuwa, wanda Baba ke kira lalo, yana da wani taurin kai da sai ka san shi. In ka watsa irinsa haka nan, rabi ba zai fito ba. Sai ka ƙulle shi a ƙyalle, ka tsoma a ruwan zafi na ɗan ƙiftawa kaɗan, ka ciro ka shanya ya sha iska, sannan ka shuka. Zafin ne ke farkar da shi. Gidan da ake tuwon zafi ba ya rabuwa da ayoyo, kuma da rani ya tsananta ɗan ƙulli kaɗan sai ya yi tsadar da za ka riƙe baki. Don haka nake shirin sabuwar kunya yanzu, wadda zan riƙe da ban-ruwa har Maris. Yakuwa ita ba ta ba ni wahala. Tana jira ne kwana ya fara gajarta sannan ta yi fure, yanzu haka duk ta yi jajir, nan da mako biyu za mu ɓare mu shanya, soborodon gidanmu na shekara ya samu, wanda yaran yanzu ba su san shi da wani suna ba sai sobolo.

Abin da ke hana ni sakat a 'yan kwanakin nan fara ce, mai zanen rawaya da kore da baƙi, mai warin nan. Ƙananan sun ƙyanƙyashe, suna taruwa cunkus a kan ganye ɗaya su kwana. In ka bar su suka yi fiffike, rogon maƙwabta ma ba zai tsira ba. Ba na son fesa magani a kan abin da jikokina za su ci. Da sanyin safiya, kafin jikinsu ya saki, nakan fito da bokitin ruwan sabulu in kakkaɓe su ciki. Jikata mai shekara bakwai ita ke riƙe mini bokitin kafin ta tafi makaranta. Ranar nan ta ji ina cewa kaka ta zo, sai ta ɗago ta ce, "Kaka, ai kai ne Kaka, wace ce kuma ta zo?" Na zaunar da ita a kan turmi na yi mata bayani, na lissafa mata lokutan shekara huɗu yadda Baba ya lissafa mini, ta maimaita har ta riƙe. Ban san ranar da za ta ga rumbu da idonta ba, amma ina son kalmomin su zauna a bakinta.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga dattijuwa ce Batoniya, wato 'yar ƙabilar Asante, kowa Maame yake ce mata. Ita ta ba ni 'ya'yan agadar da na dasa, ni kuma nakan miƙa mata zogale. Ta ce mini a yarensu sunan Disamba da na Janairu duk daga sunan rani aka ciro su, na farko ƙaramin, na biyu babban. Ashe su ma suna da lissafinsu, tsaf, daidai da ƙasarsu. Da ta ga ina tsinkar kontomire, ganyen gwazan nan da suke miya da shi, ta ce in ci in more yanzu, hunturu na busawa zai kwanta sai ruwan fari.

Wani zai ce mene ne na wannan ɗawainiya a kan kunya shida, kasuwar Asawase ga ta nan kusa. Ni shekarata 18 a 1983. Ruwa ya ƙi zuwa, iska ta bushe komai, wuta ta ci dazuzzuka da gonakin koko, ga kuma 'yan ƙasa kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a farkon shekarar sun dawo gida babu abin ba su. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito fili, aka riƙa kiransa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Na bi layi tun dare don dokunu, dafaffen ƙullun masara da ake naɗewa a ganye, wani lokaci ɗanye ake sayar mana mu je mu dafa da kanmu, don babu mai haƙurin jira ya dahu. Abin da ya rufa wa gidanmu asiri ɗan fili ne a bayan gidan Aboabo, wanda Inna ta fara nomawa tun 1972 da gwamnatin Acheampong ta yi shelar kowa ya ciyar da kansa. Rogo ne a ciki da 'yan ganyaye, sai busasshiyar kuɓewa da kuka da ta tara a tukwane. Ba mu ƙoshi ba, amma ba mu kwana da wofi ba, har maƙwabta sun samu. Bayan wannan wahala ce aka ware Ranar Manoma daga 1985, Juma'ar farko ta Disamba, ana hutu ana ba manoma kyauta. Filin Inna yanzu shaguna ne. Duk lokacin da na ga an sare mangwaro an zuba kankare a tsakar gida har bakin katanga, raina yakan sosu, don na san waɗanda suka yi hakan ba su ga 1983 ba, kuma ina roƙon Allah kada ya nuna musu.

To shirin hunturu ya kankama. Na yanke ciyawar da ke bakin hanya na shanya, zan lulluɓe kunyoyi da ita kauri kamar tafin hannu, saboda iskar nan tana tsotse laimar ƙasa cikin yini ɗaya. Zogale zan sare shi daidai ƙirji, a shanya ganyen a inuwa, ya sake tofo sabo. Durom biyu na ƙarƙashin indararo cike suke, na ƙara da jarkokin nan rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor guda takwas, don famfo yakan yi kwanaki bai zo ba in rani ya yi nisa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ma ba a zubarwa a gidanmu daga Disamba, gindin agada yake tafiya. Mai ɗakina ta aika an kawo mata man kaɗe daga Tamale tun kafin ya yi tsada, ta kuma shiga kasuwar Kejetia ta zaɓo wa yara rigunan sanyi a gwanjo. Na tara samarin gidan na ja musu kunne a kan wuta: kada a ƙona shara da yamma, kada a kwana da gawayi a ɗaki, a duba wayoyin lantarki. Lokacin gobara ne, kasuwanninmu sun sha gani.

Hunturu yana da wahalarsa, ban musa ba. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, tari ya kama yara da tsofaffi, wani lokaci hazo ya yi kauri har jirgin sama ya kasa sauka. Asuba takan yi sanyin da ruwan buta ke cizon hannu. Duk da haka ina ɗokinsa. Shi kaɗai ne lokacin da Kumasi ke shanya abu ya bushe ƙayau. A sauran watanni in ka yanka kuɓewa ka baza, kafin ta bushe ta yi fumfuna. A hunturu kwana uku sun isa, ka daka ka ji ƙamshi. Tumatir ma da ruwa ke ruɓar da shi a nan, a rani yake yin kyau in ka iya ba shi ruwa safe da yamma, ga shi kuma lokacin ne yake tsada har sai an shigo da shi daga Burkina Faso. Mangwaro zai yi fure. Kokon safe da ƙosai zai dawo da darajarsa, ka riƙe kofin da hannu biyu tururi na dukan fuskarka, majalisar shayi kuma ta daɗe ba ta watse ba.

Kuma hunturu ne ke dawo mini da Baba. Ranar da iskar ta fara sauka, yakan riga kowa sani. Sai ya fito ƙofar gida bayan asuba, ya yafa bargonsa mai ratsin ja, ya juya fuskarsa gabas maso arewa ya lumshe ido ya ja numfashi. Sannan ya ce, "Iskar gida ta iso." Ranar fara'arsa daban take, yakan sa a dama masa fura, ya yi ta ba mu labarin ƙauyensu har mu makara. Muna yara mun ɗauka zance ne kawai na mai kewa. Bara ɗana ya nuna mini taswira a wayarsa, ya ce yawancin ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Cadi, Bodele, gindin tsohon tafki da ya ƙafe, iska ta kwaso ta ta ratsa arewacin Najeriya kafin ta gangaro mana. Na bi layin da yatsa, na ga lallai ta kan ƙasar Hausa take bi. Ashe gaskiya Baba yake faɗa, iskar da ta shafi karan dawar garinsu ita ce ke zuwa ta same shi a Aboabo. Na miƙa wa yaron wayarsa na shiga lambu, don ban so ya ga idona ba.

Bargon yana wurina. Jiya mai ɗakina ta ciro shi daga akwati ta shanya a igiya ya sha rana, jikata ta tambayi na wane ne, na ce na kakan babanta ne, in sanyi ya sauka zan yafa mata ta ji. Yau da safe na duba sararin sama ta wajen filin jirgi, har yanzu shuɗi ne garau, ana hango bishiyoyin nesa ɗaya-ɗaya. Da saura ke nan. Tumatirin da na yafa a tsohuwar roba ya yi ganye huɗu, gobe in Allah ya kai mu bayan la'asar zan dasa shi a kunyar da kuɓewa ta tashi, in zuba masa sabon takin nan. In an samu wani ruwa kafin Juma'a, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, jarkoki a cike suke.